Yadda ɗaure enzayim a jikin ƙwayoyin roba ya sauƙaƙa haɗa maganin amoxicillin

Duk wanda ya taɓa sayen kafson amoxicillin a kemis ya amfana da wata dabara da ba a rubuta ta a jikin kwalin ba. Tushen maganin wani sinadari ne da ake kira 6-APA, wanda ake samu idan aka yanke wani reshe daga jikin penisilin G. Mai yin wannan yanka shi ne enzayim ɗin penisilin asilas, furotin da bakteriya irin su E. coli ke samarwa.

Matsalar enzayim ita ce tsada. Idan aka narkar da shi cikin ruwan tankin masana'anta, aiki ɗaya zai yi ya bi ruwan, kuma sai an sha wahalar raba shi da maganin. Saboda haka ake ɗaure shi a jikin ƙananan ƙwayoyin roba masu ramuka kamar soso, irin su Eupergit C da kamfanin Röhm na Jamus ya taɓa samarwa. Bangon ramukan na ɗauke da sinadarin da ke kama furotin ya riƙe shi gam. Da an gama aiki sai a tace ruwan, ƙwayoyin su tsaya a rariya, a sake amfani da su sau ɗaruruwa.

Kafin wannan dabara, da sinadarai masu haɗari ake yanke penisilin, cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Enzayim kuwa cikin ruwa mai ɗan ɗumi yake aikinsa.

Sai dai ramukan na da nasu cikas, wanda ba a cika ambata ba. Yankan yana sakin asid, kuma asid ɗin kan taru a can cikin rami fiye da na waje, ya rage wa enzayim ƙarfi ko da ana ta zuba alkali a tankin. In ramin ya yi ƙunci, penisilin ba ya kaiwa ciki da sauri. In ya yi faɗi, bangon da enzayim zai zauna ya ragu.

Kamfanin Tanabe Seiyaku na Japan ne ya fara amfani da ɗaurarren enzayim a masana'anta a 1969, wajen tace amino asid. A yau China ce ke samar da mafi yawan 6-APA na duniya, kuma masu haɗa magani a Najeriya daga waje suke shigo da garin amoxicillin da suke ɗurawa a kafso.