Yadda Aka Tsare Hanyar Wasiƙa Zuwa Ƙasar Abokan Gaba a Yaƙin Duniya na Biyu

Ran 3 ga Satumba, 1939, Ingila ta ɗaura yaƙi da Jamus. Nan da nan aka toshe hanyar wasiƙa tsakanin ƙasashen biyu, aka kuma kafa doka wadda ta hana ma'amala da abokan gaba. Gwamnati ta naɗa ma'aikata masu binciken wasiƙu a Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, har da Nijeriya. Aikinsu shi ne su buɗe ambulan, su karanta, sa'an nan su manne shi da takarda mai shaidar an duba.

Amma fa akwai dubban mutane waɗanda yaƙi ya raba su da iyaye, ko mata, ko 'ya'ya. Saboda haka Gwamnati ta yardar wa kamfanin Thomas Cook ya zama ɗan aike tsakani, ta wata ƙasa wadda ba ruwanta da yaƙin. Da fari ana bi ta Amsterdam, a ƙasar Holan. Da Jamus ta ci Holan a watan Mayu, 1940, sai aka koma Lizbon, babban birnin Fotugal, akwatin gidan waya mai lamba 506.

Ga sharuɗɗan da aka gindaya. Wasiƙa ta zama gajeriya, rubutu ya fita sarai, ba kankara. Kada ta wuce zancen gida da lafiyar iyali. Kada a ambaci yaƙi, ko sunan gari, ko jirgi, ko tafiya. Kada a sa hoto, ko taswira, ko zane, ko kan sarki a ciki. Mai wasiƙa zai bar ambulan ɗin a buɗe, ya sa shi cikin wani, ya haɗa da takardar kuɗi ta gidan waya ta sule biyu, ya aika wa kamfanin a Landan. Wadda ta saɓa ƙa'ida akan mayar wa mai ita.

Kowane sharaɗi da dalilinsa. Sunan jirgi da ranar tashinsa sun isa su sa jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya tare shi, rayuka su salwanta. Ƙarƙashin kan sarki kuwa ana iya ɓoye rubutun asiri. Haka kuma aka hana mai wasiƙa ya nuna ba a Fotugal yake ba, gama Jamusawa su ma suna da nasu masu bincike, in sun gane daga Ingila ta fito sai su riƙe ta, wataƙila ma a tuhumi wanda aka aika wa.

Hanya ta biyu ita ce ta Ƙungiyar Red Cross, mai mazauni a Janiba, ƙasar Suwizalan. Tana da takarda ta musamman, ba a rubuta fiye da kalmomi 25, amsa kuwa a bayanta ake yi. Sau da yawa akan yi watanni kafin ta komo. Duk da haka, ga wanda bai san ko ɗansa na da rai ba, kalmomin nan 25 sun wadatar.