Shebur, Gatari da Jarka: Ilimin da Ke Cikin Fentin 'Yan Tankokin Jamus

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wasu mutane, cikinsu har da dattawa masu furfura, waɗanda idan sun taso daga aiki sukan keɓe a ɗaki su shiga harhaɗa 'yan tankokin yaƙi na roba, kowace tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, suna kwaikwayon waɗanda Jamus ta yi amfani da su a yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Ma'aunin da ya fi shahara a wurinsu shi ne kashi ɗaya cikin 35 na girman asali, wanda kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya yaɗa tun farkon shekarun 1960. Bisa wannan ƙiyasi, tankar Tiger mai tsawon mita takwas da ɗoriya takan koma santimita 24, sheburin da ke ɗaure a jikinta kuwa ba zai wuce gaɓar yatsa ba. Akasarin masu wannan fanni sha'awar tarihi ce ta ja su, domin zaluncin mulkin Nazi abu ne da ya tabbata, kuma adana siffar makami daban yake da yabon wanda ya riƙe shi.

Harhaɗa gangar jikin tanka abu ne mai sauƙi, tun da takardar bayani tana nuna inda kowane yanki zai shiga. Inda ake gane malami da almajiri shi ne wajen tarkacen da ke rataye a bayanta da gefenta, domin dukkansu da launin roba ɗaya suke fitowa daga kwali, kuma wanda bai san haƙiƙanin abu ba, da me aka yi shi, da wace hidima yake yi, ba shi da hanyar sanin launin da ya dace da shi. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne ya zauna ya tantance su ɗaya bayan ɗaya: ga shebur da gatari da babbar guduma, ga almakashin yanke waya, ga jak na ɗaga tanka tare da guntun katako mai ɗaurin ƙarfe da ake ɗora shi a kai don kada ya nutse a taɓo, ga igiyoyin waya na janwe, ga sandunan da ake haɗawa a share cikin igwa, ga ƙarfen murɗawa na tayar da inji, ga kuma ɓallayen sarƙar ƙafa da ake ajiyewa saboda ɓacin rana.

Idan ya san su, sai hukuncin kowanne ya fito da kansa. Ƙotar gatari da ta shebur itace ne, don haka sai a shafa mata fenti mai haske, a bi da ruwan ƙasa siriri, a ja buroshi ta tsawo har zanen itace ya bayyana. Bakin ƙarfe ana yi masa baƙi-baƙi, sa'an nan a goga masa bakin fensir a gefen da ke cin ƙasa domin ya yi ƙyalli kaɗan. Almakashin waya kuwa a nan ne da yawa suke tuntuɓe, suna yi wa hannunsa launin itace, alhali an lulluɓe shi ne da wani abu mai hana lantarki wucewa, launinsa ja-ja mai duhu kamar makuba. Salansar tanka ita ce wurin da tsatsa ta halatta, saboda zafi yana ƙone fentinta. Amma wanda ya yayyafa tsatsa a dukkan jikin tanka ya yi israfi, domin galibinsu ba su daɗe a fagen fama ba har su tsufa haka.

Jarka tana da nata labari, kuma ita ce ta iso har ƙofar gidajenmu. Jamusawa ne suka ƙirƙiro wannan mazubi na ƙarfe mai cin lita 20 a shekarun 1930, da hannu uku a samansa domin mutum ɗaya ya ɗauki biyu ko mutum biyu su ɗauki ɗaya, sai sojan Ingila, da suke yi wa Bajamushe laƙabi da Jeri, suka ga ingancinsa suka kwaikwaya, daga sunan da suka ba shi kuma muka sami kalmar jarka. Wadda ake zuba ruwan sha a ciki akan zana mata farin gicciye don kada a gauraya ta da ta mai, kuma mai fenti da ya manta wannan alama a tankar sahara ya bar ma'abotanta cikin haɗari ko da a wasa ne.

Launin jikin tanka kansa tarihi ne rubutacce. Daga tsakiyar 1940 galibi toka-toka mai duhu ake yi musu, har zuwa Fabrairun 1943 da aka ba da umarni a koma rawaya mai duhu irin na rairayi, aka kuma raba wa sojoji kore da ja-ja a gwangwani domin su yi ɓad-da-kama da kansu. Da yake wani da fetur yake dama nasa, wani kuma da ruwa, sai launukan suka sassaɓa daga wannan runduna zuwa waccan. Haka nan wani shafe mai gurji-gurji da ake kira Zimmerit, wanda aka yi don hana nakiya mai maganaɗisu mannewa, an fara shi ne a 1943 aka daina a Satumban 1944. Wanda ya haɗa shi da tanka mai launin toka ya aurar da zamani biyu da ba su taɓa haɗuwa ba.

Akwai mas'alolin da masana fannin suka yi saɓani a kansu, mafi shahara ita ce ta tukunyar kashe gobara. Ido yana so a yi mata ja, amma ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne launin jikin tankar take ɗauka. Haka kuma batun ko kayan aikin suna shan fenti tare da tanka: a masana'anta akan ɗaura su bayan an gama, a fagen yaƙi kuwa soja mai gaggawa yakan fesa a kan kome da kome, kuma hotunan zamanin sun nuna duka biyun. Hujja a wurinsu hoto ce da aka san wurinta da shekararta, sai dai mafi yawan hotunan baƙi da fari ne, tankokin gidajen tarihi kuma an sha sake musu fenti, don haka ana karɓar shaidarsu da taka-tsantsan, kamar riwayar da isnadinta ke da rauni. Shi ya sa suke girmama Tiger mai lamba 131, wadda Ingilishi suka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, take kuma ajiye a gidan tarihin tankoki na Bovington, har yau injinta yana tashi.

Wanda ya taɓa zama kusa da ɗayansu zai ga yakan shafe dare guda yana tahƙiƙi a kan hoto ɗaya da gilashin ƙara girma, sa'an nan ya tsoma buroshi mai gashi ƙalilan ya taɓa ƙotar gatari sau uku ko huɗu, ya ajiye, ya bar ta ta bushe sai gobe.