Dukiyar da ke Kwance a Lakar Fadama

Duk manomin rani a Gwaram ko Birnin Kudu ya san bambancin jigawa da fadama tun daga tafin hannunsa. Yashin jigawa yana zubewa ta tsakanin yatsu, lakar fadama kuwa baƙa ce, mai danƙo, tana warin ruɓaɓɓen ganye. Wannan baƙin ragowar ciyawa ne da saiwoyin da ruwa ya lulluɓe, iska ba ta kai gare su ba balle su ruɓe sarai, sai sinadarin kabon da tsirrai suka zuƙo daga sama ya kwanta a ƙasa. Da zarar lakar ta bushe ko an cinna mata wuta, sai ya koma sama ya ƙara ɗumamar yanayi.

A wasu ƙasashe wannan ragowa ta yi shekaru dubbai tana taruwa har kaurinta ya kai mitoci. A 2017 masu bincike na Jami'ar Leeds ta Ingila suka bayyana cewa dausayin tsakiyar kwarin kogin Kongo yana riƙe da kabon kimanin tan biliyan 30. A Indonesiya, inda aka janye ruwan irin wannan ƙasa don dasa kwakwar manja, wutar 1997 da ta 2015 ta yi watanni tana ci ta ƙarƙashin ƙasa, hayaƙinta ya turnuƙe har Singafo da Malesiya. Tafkuna ma suna fitar da kabon da ruwa ya wanko musu daga dausayi.

Wani zai ce fadamunmu ba su kama ƙafar waɗannan ba, kuma masana'antun Turai da Amurka da Sin ne suka gurɓata iska. Haka ne. Sai dai kabon da ke cikin laka shi ne ƙarfin ƙasa, shi ke riƙe danshi, shi ke rage kuɗin taki. Idan ya tafi, mai albasa da tumatir ne zai fara ji a aljihunsa. Tare kogi kuma na iya busar da lakar: an ga yadda ambaliyar da ke ciyar da dausayin Hadejia da Nguru ta ragu bayan gina madatsar Tiga a 1974, kuma can ruwan yankinmu ke gangarawa ta kogin Jama'are. Don haka mu daina ƙona kara a fadama, mu mayar da shi ƙasa tare da takin gargajiya, hukumomi kuma su ware wa fadama rabonta na ruwa kafin su tare kowane kogi.