Me Ke Ɓalle Sitika Daga Jikin Babur da Jirgin Wasa?

Duk wanda ya bi ta inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san babur ba ya yawo haka nan ba ado. Da an sayo sabon Boxer, sai wajen mai kwalliya: a lulluɓe tanki da leda, a jera sitika ja da kore da ruwan zinariya. Guntayen da suka zube ƙasa kuma yara su tsince, su manna wa motar kara ko jirgin kwali. Kafin a jima gefen sitika ya fara tashi, ƙura ta shiga, mai babur ya ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa gam bai yi laifi ba, manni ne bai yi ba.

Waɗanda suka fi kowa naƙaltar wannan aiki su ne masu ƙera ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot. Suna haɗa ƙashin jirgin da katakon balsa mai sauƙin nauyi, su rufe shi da siririyar leda, kamar MonoKote ta Amurka ko Oracover ta Jamus. Gam ɗin wannan leda sai ya ji zafin dutsen guga yake kamawa, zafin kuma shi ke tsuke ta ta miƙe sumul. Adon da ake ɗorawa a kanta kuwa galibi irin na sitika ne, wanda dannawa ke sa shi kamawa.

Gam ɗin sitika ba ya bushewa. Yana nan da taushi kamar ɗanyen ƙaro, idan an danna sai ya malala a hankali cikin ƙananan ramukan da ido ba ya gani a jikin abin da aka manna wa. Ƙarfin riƙonsa gwargwadon yawan wurin da ya taɓa ne. Saboda haka ƙurar hunturu, maiƙon yatsa, ko ɗigon fetur a kan tanki duk katanga ce tsakaninsa da jikin. Wannan fasaha ma ta sami ci gaba wajen adon mota: a 1925 Richard Drew na kamfanin 3M ya ƙirƙiro tef ɗin da masu fenti ke raba launi biyu da shi, a 1935 kuma Stanton Avery ya fara yin takardun alama masu manne kansu.

Masu jiragen nan suna goge wurin da sifirit tukuna. Sannan su fesa ruwa mai ɗigon sabulu kaɗan, su ɗora adon, ya riƙa zamewa har ya zauna daidai, su tatse ruwan da gefen kati daga tsakiya zuwa waje, su bar shi ya kwana. Mai gaggawa ba ya son jin wannan, amma a nan aikin yake. Suna kuma zagaye kusurwa da almakashi, domin tsini shi ke fara tashi, kuma idan leda za ta hau leda, ta gaba ce ke hawa ta baya don kada iska ta sami baki. Inda iska ta maƙale, allura ta isa.

A ƙasarmu akwai ƙarin abokin gaba. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, baƙin tanki a rana ya fi haka nesa, gam ya saki, leda ta tsuke ta bar baƙin layi a gefe. Masu kwalliya, ku yi manni a inuwa, a kan tanki mai sanyi, kuma ku nuna wa yaran da ke tsintar guntayenku yadda ake goge wuri kafin a manna.