Bashin Ruwa da Mafarkin Ƙwallo: Wa Zai Biya?

Kusan kowace unguwa tana da yaron da ake cewa ƙafarsa ta Turai ce. Mu ma mun yi aji ɗaya da irinsu a sakandare, mun kuma sha tsayawa bakin fili bayan La'asar muna yi musu tafi. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne hirar da ake yi a gidajensu da dare: wani mutum ya zo ya ce zai kai yaro gwaji ƙasar waje, ana bukatar kuɗin fasfo da biza da tikitin jirgi, Baba kuwa ba shi da su. Daga nan ake fara neman mai ba da rance.

Yanzu da muka shiga jami'a muka fara koyon lissafin kuɗi, mun ga ya dace mu zauna da ku, ƙannenmu, mu duba wannan magana tun kafin ta ƙwanƙwasa ƙofar gidanku.

Yadda ruwa ke cinye uwar kuɗi

Ku ɗauko biro da takarda. A ce mahaifi ya karɓi naira 500,000 a hannun wani mai kuɗi a kan ruwan kashi 20 cikin 100 duk wata, ya ajiye takardar gona jingina. Kowane wata zai kai naira 100,000. Idan shekara ta zagayo ya biya naira miliyan 1 da dubu 200, amma uwar kuɗin tana nan ko kwabo bai ragu ba.

Idan kuma ya kasa biya, aka riƙa ɗora ruwan a kan uwar kuɗin, cikin wata 6 bashin ya kusa naira miliyan 1 da rabi. Cikin wata 12 ya haura miliyan 4 da dubu 400. Wannan ba sihiri ba ne, darasin da malamin lissafi ke rubuta muku ne a allo, ruwa yana haifar ruwa. Bambancin kawai, a nan amsar da ke ƙasan shafi ita ce gonar gado.

Mai ba da rancen yana da tasa hujja, kuma ya kamata mu saurare ta. Zai ce banki ba ya kallon talaka, shi ne ya buɗe ƙofa ranar da kowa ya rufe. Zai ce wasu na gudu da kuɗinsa, kuma darajar naira na zubewa, tunda hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wancan kashi 30 na shekara ne, shi kuwa kashi 20 ɗinsa na wata ne, wato kashi 240 a shekara. Sannan ko yaro ya samu kulob ko bai samu ba, shi ribarsa na nan. Asara ta mutum ɗaya ce, wanda bukata ta kai shi bango. Wannan na cikin dalilan da Musulunci ya haramta riba, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma Littafi Mai Tsarki ma ya yi hani da tatsar matalauci da kuɗin ruwa.

A yau mai ba da rancen ya shigo cikin waya. Akwai manhajojin da ke turo kuɗi cikin minti kaɗan, amma sai sun kwashe lambobin da ke wayarka. Ranar da ka makara, sai kawunka da malaminka su samu saƙo ana kiranka ɓarawo. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin irin wannan rance naira miliyan 10 saboda keta sirrin mutane, a 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas. Wato bashin mutum ɗaya yana iya zama abin kunyar dangi gaba ɗaya.

Tafiyar da aka ci bashi dominta

To ina yaron yake zuwa? Dokar FIFA, sashe na 19 na ƙa'idojin sauya sheƙar 'yan wasa, ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wani kulob a wata ƙasa, sai a 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya zo gidanku ya ce zai kai ɗan aji huɗu na sakandare Sifaniya ya sa hannu a kwantiragi, akwai lauje cikin naɗi.

A 2015 wani binciken BBC ya gano yara 23 daga Afirka ta Yamma, yawanci 'yan Laberiya, da aka kai wani kulob mai suna Champasak United a ƙasar Laos. Wasunsu shekararsu 14 kacal. An yi musu alkawarin makarantar koyon ƙwallo, suka ƙare suna kwana a ƙasa a cikin ginin filin wasa. Yaron da ya faɗa irin wannan hali yakan ji kunyar komawa gida, domin ya san abin da aka jinginar saboda shi.

Idan kuma an dace fa?

Za ku ce ai wasu suna yin nasara. Haka ne, amma a nan wata rigimar take farawa. Ku tuna Emmanuel Adebayor na Togo, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2008, wanda ya buga wa Arsenal da Manchester City da Real Madrid da Tottenham. A watan Mayun 2015 ya wallafa dogayen rubuce-rubuce a Facebook yana ba da labarin rikicinsa da danginsa. Ya ce da albashinsa na farko, yana ɗan shekara 17, ya gina wa iyalinsu gida, ya lissafa gidaje da jari da kuɗaɗen da ya bayar, amma a cewarsa bukatun ba su taɓa ƙarewa ba. Wasu daga cikin 'yan'uwansa sun musanta, suka ce shi ne ya juya musu baya. Ba mu ne alƙalai ba, kuma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Shi ma Mikel Obi, haifaffen Jos, ya taɓa kokawa a wata hira a 2023 kan yadda dangi na kusa da na nesa ke ɗaukar kuɗin ɗan wasa tamkar nasu. Na Paul Pogba na Faransa ya fi muni. A 2022 wasu mutane ɗauke da bindiga sun tsare shi suna neman yuro miliyan 13, wai ladan kariyar da aka yi masa shekara da shekaru. A Disambar 2024 kotu a Paris ta samu mutum shida da laifi, cikinsu har da yayansa.

Waɗannan rigingimu ba na bashin ruwa ba ne, amma mun lura suna kama da shi ta fuska ɗaya. Bashi ne da ba a faɗi adadinsa ba, ba a kuma sa masa ranar ƙarewa ba. Wanda ya saya maka takalmin ƙwallo na farko yana iya jin cewa rabin albashinka haƙƙinsa ne har abada. Kai kuma kana biya, uwar kuɗin ba ta raguwa. To ku ƙara da gidan da aka ci bashin ruwa na gaske aka tura yaro. Kowane kiran waya daga gida sai ya koma tuni.

Kada ku fahimce mu a karkace. Kula da iyaye wajibi ne, taimakon ɗan'uwa kuma shi ne zumunci. Amma kyautatawa daban, biyan bashi daban. A shari'ar Musulunci, idan mutum ya rasu da bashi, daga dukiyar da ya bari ake biya kafin a raba gado. Ɗan da ya biya daga aljihunsa alheri ya yi, sai fa idan shi ya tsaya wa bashin tun farko.

Abin da za ku iya yi tun yanzu

Idan kuka ji ana shirin cin bashi saboda ku, ko don ƙwallo ko don karatu, ku nemi Baba ko Mama cikin ladabi ku yi tambaya uku: nawa za a karɓa, nawa za a mayar gaba ɗaya, wa zai biya idan abin bai yiwu ba? Ku yi musu lissafin a takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

Ku binciki mai alkawarin. FIFA na ba wakilan 'yan wasa lasisi, tana kuma wallafa sunayensu a shafinta na intanet. Ku nemi takardar gayyata daga kulob ɗin, ku kai wa malamin wasanninku ko hukumar ƙwallo ta jiharku su duba.

Ku tuna akwai wasu hanyoyin: adashi, rance marar ruwa daga dangi ko ƙungiyar unguwa, da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Kada kuma ku yarda a karɓi rance a manhaja da wayarku ko da sunanku.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne mutum ya ci bashi, amma ya san ƙarshensa kafin ya miƙa hannu. Ahmed Musa a gida ya fara, ya haskaka a Kano Pillars, sannan aka zo daga Holan aka ɗauke shi a 2010. Ku ci gaba da atisaye, ku riƙe karatunku, takardar gona kuma ta zauna a akwatin Baba.