Shigar Burtu a Daren Halowin

A daren 31 ga watan Oktoba na kowace shekara, unguwanni a Amurka da Kanada kan cika da yara da matasa cikin shigar dodanni da mayu da jaruman fina-finai, suna bi gida-gida ana ba su alewa. Wannan shi ne bikin Halowin, wanda ya samo asali daga wani tsohon bikin ƙarshen kaka na ƙasashen Ayilan da Sikotilan, kafin 'yan ƙaura su ƙetara da shi Amurka a ƙarni na 19. Duk wanda ya san tashe zai gane kamanninsa. Abin lura shi ne yadda samari da 'yan mata kan haɗa baki da abokansu su yi shiga iri ɗaya, tamkar anko, su fito a ayari. Shin me irin wannan shiga take bayyanawa?

Ba ɗan Adam ne ya fara sauya kama ba. A shekarar 1862 wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, ya bayyana yadda wasu malam-buɗe-littafi na dajin Amazon, marasa ɗaci, suke kama da masu ɗaci a launi, har tsuntsaye su ƙyale su. Dabarar maharbi ke nan idan ya ɗaura kan burtu a goshi. Daga baya Fritz Müller ya nuna cewa masu ɗacin ma sukan yi tarayya a launi guda, ta yadda tsuntsun da ya ɗanɗana ɗaya zai guje wa sauran. Wato shiga iri ɗaya tana aiki biyu: tana shelanta ƙungiya, tana kuma ɓoye ɗaiɗaikun da ke cikinta.

Haka abin yake ga mutane. Abokan da suka yi shiga guda suna sanar da duniya cewa tafiyarsu ɗaya ce, kuma mai kunyar cikinsu kan sami ƙarfin halin da ba ya da shi a kullum. To, amma ɓoyuwar tana da nata illar. A shekarar 1976 Ed Diener da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a birnin Siyatil kan yara 1,352 a daren Halowin. A kowane gida, wata mata takan ce wa yaro ya ɗauki alewa ɗaya tak, sannan ta shige ciki, wani kuma yana laɓe yana kallo. Cikin yaran da suka zo su kaɗai aka kuma tambayi sunansu, kimanin kashi 8 cikin 100 ne suka ɗauki fiye da abin da aka ce. Amma cikin waɗanda suka zo a ƙungiya ba a tambayi sunansu ba, adadin ya kai kashi 57 cikin 100.

Lamarin ya fi shafar matasa saboda yanayin ƙwaƙwalwarsu. Sashenta na gaba, mai kula da hangen nesa da kame kai, ba ya kammala nuna sai an haura shekara 20, alhali sashen da ke jin daɗin yabo ya riga ya farka. A shekarar 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg suka gwada mutane da wasan tuƙin mota a kwamfuta. Matasa suka ƙara kasada ƙwarai da zarar abokansu na kallo, manya kuwa kaɗan suka canja.

Saboda haka, sutura ba ta halitta wa mutum sabon hali. Tana dai nuna waɗanda yake son a gan shi tare da su, tana kuma sassauta jin cewa shi zai amsa abin da hannunsa ya aikata. Darasin binciken Siyatil a fili yake ga malamai da iyaye: tambayar suna kawai ta rage ɓarna sosai, ko da a cikin ƙungiya. Malamin da ya san ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da sunansa a cikin taro, ya ɗaga burtun ba tare da ya tarwatsa zumuncin ba. Ɗalibi kuwa, kafin ya bi ayari, ya kamata ya tambayi kansa ko zai aikata abin nan da fuskarsa a buɗe.