Ƙauyen Eyam da Annobar 1665

Eyam, wanda mutanen wurin ke furtawa "Im", ƙaramin ƙauye ne a lardin Derbyshire na ƙasar Ingila, cikin tsaunukan Peak District. Gidajensa na dutse ne, mazaunansa kuwa ba su wuce dubu ɗaya ba sosai. A zamanin da, sana'ar mutanensa ita ce haƙar darma da kiwo. Amma ba darma ce ta fito da sunansa ba, annoba ce.

A shekarar 1665, lokacin da annoba ke cin birnin Landan, aka aiko wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga can. Ashe akwai ƙuma a ciki, wadda ke ɗauke da cutar. Mataimakin telan, George Viccars, shi ya kwance ƙunshin, shi ne kuma ya fara mutuwa a watan Satumba. Da sanyi ya shigo cutar ta lafa, da bazarar 1666 kuwa ta dawo da ƙarfinta.

A nan ne limamin cocin ƙauyen, William Mompesson, ya kawo shawara mai nauyi, watau kowa ya zauna, kada a fita, kada a shigo, don kada cutar ta kai garuruwan makwabta. Da yake shi baƙo ne, sai ya nemi goyon bayan Thomas Stanley, tsohon limamin da aka tuɓe saboda saɓanin aƙida, wanda jama'a suka fi amincewa da shi. Mutane suka yarda, alhali sun san abin da ke jiransu.

Makwabta na ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuma su bar kuɗi cikin ramukan wani dutse da aka zuba wa ruwan tsami, bisa zaton yana kashe cutar. Aka koma yin ibada a fili. Kowane gida shi ke binne mamatansa. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas a watan Agusta. A watan nan ne ma matar Mompesson, Catherine, ta rasu.

Kafin cutar ta gushe a Nuwamba 1666, kimanin mutum 260 sun mutu. Wasu masana tarihi na ganin kullen ya ƙara yawan mace-mace a cikin ƙauyen, tun da ya tsare mutane wuri guda da ɓeraye da ƙuma, kuma wannan magana ba ta rasa tushe. Har yau akan yi addu'ar tunawa da su ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta, a kwarin Cucklett Delf inda suka yi ibada a lokacin.